Taki da Guba daga Hannu Guda: Fritz Haber da Tambayar Kimiyya da Sanin Ya Kamata

Tun a ƙarni na goma sha takwas masana falsafar Turai suke kai-kawo a kan wata tambaya: shin ilimin kimiyya, wanda ke bayyana yadda halittu suke da yadda suke gudana, yana iya nuna wa ɗan Adam abin da ya kamata ya aikata? David Hume, ɗan ƙasar Sikotilan, ya lura a littafin da ya fitar tsakanin 1739 da 1740 cewa marubuta kan fara da bayanin yadda abu yake, sai kwatsam a gan su suna zartar da hukuncin abin da ya dace a yi, ba tare da sun nuna gadar da suka bi suka haye ba. Amsar da ta fi yaɗuwa daga baya, musamman a bakin masanan kimiyyar kansu, ita ce kimiyya tamkar wuƙa take: mahauci ya yanka nama da ita, ɗan fashi ya yanka mutum, babu ruwan maƙeri. Amsa ce mai sanyaya zuciya, kuma akwai gaskiya a cikinta. Sai dai rayuwar Fritz Haber, Bajamushe masanin kimiyyar sinadarai, ta nuna inda ta gaza, domin a nan maƙerin ne ya ƙera wuƙar, ya wasa ta, ya kai ta fagen fama, ya tsaya yana nuna inda za a soka.

Gajiyar ƙasa

Kowane manomi ya san ƙasa tana gajiya. Abin da ya fi saurin ƙarewa a cikinta shi ne sinadarin naitirojin, wanda babu tsiron da zai yi ganye ko ya yi tsaba sai da shi. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da ake shaƙa naitirojin ne, amma ƙwayoyinsa a ɗaure suke biyu-biyu, ɗauri tamau, ta yadda dawa ko alkama ba sa iya cin moriyarsa. Tsirrai dangin wake da gyaɗa ne ke da mafita, saboda wasu ƙananan halittu da ke zaune a saiwarsu suna kamo shi daga iska su mayar da shi abincin shuka. Wasu Jamusawa biyu, Hellriegel da Wilfarth, su suka tabbatar da haka a 1886, ko da yake manomin da ke haɗa gero da wake a gona ɗaya, ko yake barin gawo a tsakiyar gonarsa, ya san sakamakon tun kafin a san dalilin.

Turai ta ƙarni na goma sha tara ta fi ƙarfin wannan dabara, don birane suna cika, bakuna suna ƙaruwa. Sai aka koma ɗebo kashin tsuntsayen teku da ya taru shekaru aru-aru a tsibiran ƙasar Peru, ana loda shi a jiragen ruwa. Da ya fara ƙarewa, aka juya ga wani gishiri mai naitirojin da ke shimfiɗe a hamadar Atacama. A kan wannan gishiri Cile ta gwabza yaƙi da Peru da Bolibiya daga 1879, yaƙin da ya raba Bolibiya da gaɓar teku har yau. Ya kamata a riƙe wani abu tun daga nan: gishirin da ake zuba wa alkama, da shi ake haɗa albarushi da nakiya. Taki da makami tushensu ɗaya tun kafin Haber ya shigo cikin labarin.

A 1898, a taron ƙungiyar masana kimiyya ta Birtaniya a birnin Bristol, Sir William Crookes ya yi gargaɗin cewa gishirin Cile zai ƙare, alkama za ta gaza, kuma masanin sinadarai ne kaɗai zai iya tsamo jama'a daga yunwa idan ya gano yadda za a kamo naitirojin daga iska.

An haifi Haber a ranar 9 ga Disamba 1868 a Breslau, birnin da yanzu yake cikin ƙasar Folan. Iyayensa Yahudawa ne, mahaifinsa ɗan kasuwa mai sayar da rini da fenti. Yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya koma addinin Kirista, kamar yadda Yahudawan Jamus masu neman kujerar jami'a da yawa suka yi a wancan zamani. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a fahimtar mutumin: duk rayuwarsa yana neman ya tabbatar wa Jamus cewa shi nata ne, ciki da waje.

A babbar makarantar fasaha ta Karlsruhe ya tunkari matsalar. Abin da ake so shi ne a tilasta wa naitirojin ya haɗu da haidirojin su zama amoniya. Wahalar ita ce, idan zafi ya yi kaɗan haɗuwar ba ta tafiya, idan ya yi yawa amoniyar da aka samu sai ta sake wargajewa. Haber da mataimakinsa, wani Baturen Birtaniya mai suna Robert Le Rossignol, suka warware wannan da abu biyu: matsi mai tsanani, kusan ninki 200 na matsin iskar duniya, da kuma wani ƙarfe mai aikin dillali, wanda ke sasanta sinadaran biyu ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Da ƙarfen osmiyum suka yi nasara. A watan Yuli na 1909 wakilan kamfanin BASF suka ga ruwan amoniya yana ɗiga daga wata na'ura da za ta zauna a kan teburi.

Mayar da na'urar teburi ta zama masana'anta aikin Carl Bosch ne, injiniyan kamfanin. Osmiyum ya yi tsada kuma ya yi ƙaranci, don haka abokin aikinsa Alwin Mittasch ya yi dubban gwaje-gwaje har ya dace da wani haɗi na baƙin ƙarfe mai araha. Bututun ƙarfe kuma suna ta fashewa, saboda haidirojin yana cinye ƙarfinsu daga ciki, sai Bosch ya yi musu shafi da ƙarfe mai laushi, ya huda ƙananan ƙofofi a ɓawon waje don iskar da ta ratso ta fice. A watan Satumba na 1913 masana'antar farko ta fara aiki a Oppau.

Girman alherin da ya fito daga wannan aiki yana da wuyar misaltawa. Mutanen duniya ba su wuce biliyan 1.6 ba a 1900. A 2022 sun kai biliyan 8. Masu bincike sun ƙiyasta cewa kusan rabinsu suna rayuwa ne da abincin da takin wannan hanya ya samar. Buhun yuriya da ake sauke wa manoma a kasuwannin Maraɗi ko Funtuwa jikan na'urar Karlsruhe ne. Amma ko a nan kimiyya ta tsaya a wani mataki. Ta nuna yadda za a yi takin. Wanda zai same shi, da farashin da zai saya, wannan hukuncin mutane ne. Lokacin da ƙasashen Afirka suka yi taron taki a Abuja a 2006, abin da manomin nahiyar ke zuba wa kadada ɗaya bai wuce kimanin kilo 8 ba, kusan shekara ɗari bayan an warware matsalar a ɗakin gwaji.

Ypres, 1915

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, Haber yana shugabantar sabuwar Cibiyar Kaiser Wilhelm ta nazarin sinadarai a unguwar Dahlem ta birnin Balin. A watan Oktoba ya sa hannu a takardar da manyan masana da marubutan Jamus 93 suka fitar suna wanke sojojin ƙasarsu daga ta'asar da suka yi a Beljiyam. Max Planck ma ya sa hannu. Albert Einstein, wanda aminin Haber ne kuma ofishinsa yana cikin cibiyar, bai sa ba.

Sojojin ruwan Birtaniya suka datse hanyar Cile. Ba don masana'antar Oppau ba, da wadda aka gina daga baya a Leuna, da nakiyar Jamus ta ƙare tun yaƙin bai yi nisa ba, domin amoniyar da aka ƙirƙira don gona ita aka riƙa juyawa ana yin harsasai. Har zuwa nan mai cewa kimiyya wuƙa ce yana da abin faɗa: an yi abu don taki, wasu suka karkatar da shi. Abin da ya biyo baya ne ba ya karɓar wannan uzuri.

Kafin ƙarshen 1914 yaƙin ya cije. Rundunonin ɓangarorin biyu sun shige ramuka tun daga gaɓar tekun Beljiyam har iyakar Suwizalan, babu mai iya fitar da wani. Haber ya kawo shawarar a yi amfani da iskar kulorin, wadda masana'antun rini na Jamus ke samarwa da yawa. Lissafinsa na masani ne: kulorin ta fi iska nauyi, saboda haka za ta bi ƙasa ta gangara cikin ramuka; idan ta haɗu da danshin huhu sai ta zama ruwan ƙuna, mutum ya nutse a cikin ruwan jikinsa. Jamus ta riga ta sa hannu a sanarwar Hague ta 1899 wadda ta hana harba harsasai masu watsa iska mai shaƙewa. Aka ce ai ba harsashi za a harba ba, tukwane za a buɗe, iska ta yi sauran aikin. Wasu manyan hafsoshin Jamus sun ƙi abin, wasu don ƙyama, wasu don sun san iskar wannan yanki ta fi kaɗawa daga yamma, wato zuwa fuskar Jamusawa, kuma abokan gaba za su rama.

Haber da kansa ya je bakin daga ya kula da binne tukwanen ƙarfe sama da 5,700 a kusa da garin Ypres. Aka yi ta jiran iska ta juya. Da yammacin 22 ga Afrilu 1915 aka buɗe su, kimanin tan 168 na kulorin ya tashi kamar hazo mai launin kore da rawaya ya nufi ramukan Faransa. Rundunoni biyu ya fara riska, ɗaya ta dattawan sojojin Faransa, ɗaya kuma runduna ta 45 wadda ke cike da sojojin mulkin mallaka daga Aljeriya. Ashe 'yan Afirka suna cikin mutanen farko da wannan makami ya hallaka, a yaƙin da ba su san mafarinsa ba. Sahun ya buɗe tsawon kilomita shida, amma Jamus ba ta tanadi isassun sojojin da za su kutsa ba, don manyanta ba su yarda abin zai yi aiki haka ba. A watan Satumba Birtaniya ta rama da kulorin a Loos. Faransa ta sa nata gwanin, Victor Grignard, mai lambar Nobel ta 1912, a aikin wata gubar da ta fi kulorin kisa. A 1917 Jamus ta fito da gubar mastad mai ƙona fata da makantar da ido. Ana ƙiyasta cewa iskar guba ta kashe kimanin mutum 90,000 a yaƙin, ta jikkata fiye da miliyan ɗaya, ba ta kuma gajarta shi ba kamar yadda Haber ya yi alkawari.

Matarsa, Clara Immerwahr, ita ce mace ta farko da ta sami digirin dakta a kimiyyar sinadarai a Jami'ar Breslau, a 1900. Aure ya raba ta da ɗakin gwaji, kuma tun a 1909 ta rubuta wa tsohon malaminta tana kukan cewa abin da mijinta ya ƙaru da shi a zamansu, ita ta yi hasararsa. A daren 1 ga Mayu 1915, kwanaki kaɗan bayan dawowarsa daga Ypres da sabon muƙamin kyaftin, ta harbe kanta da bindigarsa a lambun gidansu. Ɗansu Hermann, mai shekara goma sha biyu, shi ya same ta. Da gari ya waye Haber ya kama hanyar fagen yaƙi na gabas kamar yadda aka umarce shi. An daɗe ana ba da labarin mutuwarta a matsayin bore ga iskar guba, amma masana tarihin da suka bi takardun iyalin sun nuna cewa dalilan sun fi haka sarƙaƙiya, kuma bai kamata a mayar da baƙin cikin mace ya zama hujjar muhawara kawai ba.

Mutum mai aƙida

Kuskure ne a ɗauki Haber a matsayin masanin da ilimi ya busar wa zuciya. Mutum ne mai aƙida, kuma aƙidar ce ta kai shi Ypres. An san shi da ra'ayin cewa masani na duniya ne a lokacin zaman lafiya, amma na ƙasarsa ne a lokacin yaƙi. Yana ganin mutuwa mutuwa ce, ko da harsashi ko da guba, kuma makamin da zai kawo ƙarshen yaƙi da wuri ceton rai ne. Da irin wannan hujja ya shawo kan matasan masana irin su Otto Hahn da James Franck da Gustav Hertz, waɗanda duk suka ci lambar Nobel daga baya, suka shiga rundunar guba. Max Born ya ƙi. Iliminsu ɗaya, littattafan da suka karanta ɗaya. Babu wata dokar sinadarai da ta raba Born da Hahn. Abin da ya raba su yana wajen ɗakin gwaji.

Wannan shi ne abin da Max Weber ya faɗa wa ɗalibai a birnin Munich a watan Nuwamba na 1917, yaƙin yana tsaka da ci: kimiyya tana iya nuna hanyar da za ta kai ga manufa da abin da hanyar za ta ci, amma ba ta iya zaɓar manufar. Ƙarnoni kafin haka Imam al-Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya zo da makamancin wannan ta wata fuska. Ya sa likitanci da lissafi cikin farillan da idan wasu suka ɗauka sun ɗauke wa al'umma, ya kuma bayyana cewa ba a zargin ilimi don kasancewarsa ilimi, sai don cutar da yake jawo wa mai shi ko waninsa.

Duk da haka, tsayawa a kan cewa kimiyya ba ta da ɓangare yana ɓoye rabin labarin. Kafin a fara gwaji, sai wani ya zaɓi tambayar da za a yi. Dangantakar da ke tsakanin yawan guba a iska da tsawon lokacin da za a shaƙe ta kafin a mutu, wadda har yau masana guba ke kira ƙa'idar Haber, gaskiya ce ta kimiyya, kuma ana amfani da ita wajen kare ma'aikata. Amma an same ta ne ta hanyar shaƙe dabbobi a Dahlem da nufin sanin abin da zai kashe soja. A lokacin yaƙin cibiyar ta koma ƙarƙashin soja, ma'aikatanta suka haura dubu. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ɗabi'a tana shiga kimiyya tun daga ƙofa, wajen zaɓen tambaya da mai biyan kuɗinta, ba sai an jira ranar da za a yi amfani da sakamakon ba.

Kimiyya kuma tana da nata ɗabi'un na cikin gida, kuma Haber ya riƙe su. Bayan yaƙin, da aka ɗora wa Jamus diyyar mak biliyan 132 na zinariya, ya ƙudurta zai biya ta da zinariyar da ke narke a ruwan teku. Ya shafe shekaru yana aunawa, har ya kafa ɗakin gwaji a cikin jirgin ruwa. Da ya gano cewa zinariyar ba ta kai ko kashi ɗaya cikin ɗari na abin da magabata suka ƙiyasta ba, ya fito ya bayyana cewa aikin ya faɗi. Wannan gaskiya ce mai tsada ga mutum mai son girma. Amma gaskiya wajen awo ba ta gaya wa mai awon ko ran Ba'aljeriyen da ke cikin rami daidai yake da na Bajamushe.

A watan Nuwamba na 1919 aka sanar da ba shi lambar Nobel ta shekarar 1918 saboda haɗa amoniya. Masana da yawa a Faransa da Birtaniya suka nuna fushinsu. Shi kuwa bai taɓa janye matsayinsa a kan iskar guba ba. Yarjejeniyar Versailles ta hana Jamus ƙera ta, amma wani tsohon abokin aikinsa, Hugo Stoltzenberg, ya taimaka wa Sifen ta haɗa gubar da ta zuba wa mutanen Rif a arewacin Maroko a shekarun 1920.

Daga cikin ayyukan zaman lafiya da Haber ya jagoranta akwai yaƙi da ƙwarin da ke cinye hatsi a rumbuna da injinan niƙa. Daga wannan aiki aka sami maganin feshi mai suna Zyklon, wanda wasu suka inganta ya zama Zyklon B. A watan Afrilu na 1933 gwamnatin Hitler ta kafa dokar korar Yahudawa daga aikin gwamnati. Dokar ta ƙyale Haber saboda hidimarsa a yaƙi, amma aka umarce shi ya sallami Yahudawan da ke ƙarƙashinsa. Ya ajiye aiki, yana mai cewa ya saba zaɓar abokan aiki bisa ƙwarewa da hali, ba zai sauya da tsufansa ba. Planck ya je har gaban Hitler ya yi masa roƙo, bai samu ba. Haber ya yi ɗan zama a Cambridge, a cikin mutanen da ya yaƙa, ya rasu a wani masauki a birnin Basel ranar 29 ga Janairu 1934. Bai ga abin da aka yi da Zyklon B ba. Daga 1941 aka fara amfani da shi a Auschwitz, aka kashe kimanin mutum miliyan ɗaya da shi, kuma akwai danginsa cikin waɗanda suka hallaka a sansanonin. Ba adalci ba ne a ɗora masa wannan laifi. Maganin ƙwari ya nema. A nan ne kaɗai, a duk tarihinsa, misalin wuƙa da maƙeri ya zauna daidai.

Almajiransa biyu sun sake haɗuwa da tambayar. Hahn ne, tare da Fritz Strassmann, ya gano tsagewar ƙwayar yuraniyom a Disamba 1938, kuma yana tsare a hannun Ingila lokacin da labarin Hiroshima ya iso shi, ya girgiza har abokan tsarensa suka ji masa tsoro. Franck, wanda ya bar Jamus a 1933, ya shiga aikin bom ɗin Amurka. A watan Yuni na 1945 ya shugabanci wani kwamitin masana a Shikago da ya rubuta wa gwamnati cewa kada a jefa bom ɗin kan birni ba gargaɗi, a fara nuna ƙarfinsa a wani kango a gaban wakilan ƙasashe, ya kuma yi hasashen tseren makamai da zai biyo baya. Mutumin da ya binne tukwanen guba yana matashi ya koyi cewa masani yana da bakin magana a kan abin da ya ƙera. Ba a karɓi shawarar ba.

Takunkumin da aka sa wa iskar guba daga majalisu ya fito, kuma a hankali. Yarjejeniyar Janiba ta 1925 ta hana amfani da ita, amma Italiya, wadda ta sa hannu, ta yi wa Habasha ruwan mastad a 1935 da 1936. Sai a 1993 aka sa hannu a Faris kan yarjejeniyar da ta hana ƙerawa da ajiyewa, ta fara aiki a 1997, da hukumar bincike a Hague wadda masana sinadarai ne ke yi mata aiki. Masu tsara ta sun ci karo da matsalar Haber ido da ido: kulorin ita ce ke tsabtace ruwan famfo a biranen duniya, ba yadda za a yi a haramta ta. Saboda haka ba su sa ta cikin jerin haramtattun sinadarai ba, sai suka ce kowace guba makami ce, in ban da wadda aka tanada don wata halattacciyar manufa, a nau'i da adadin da suka dace da manufar. A 2014 masu binciken hukumar suka tabbatar an yi amfani da kulorin a kan wasu ƙauyuka na arewacin Siriya a watan Afrilu na shekarar, shekara 99 bayan Ypres.